Baƙon da Destan Bai Tambayi Sunansa Ba

Akwai wani dattijo a ƙauyenmu na kan duwatsun arewacin Albaniya, sunansa Destan. Kiwon zuma yake yi, amma da ɗakin baƙinsa aka fi saninsa.

A wurinmu, idan baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa ba a tambayarsa ko shi wane ne. A ba shi gurasar masara da cuku da gahawa, a yi masa shimfiɗa. Ranar tafiyarsa kuma, namiji daga gidan ya raka shi har inda ƙasar ƙauye ta ƙare. Destan ya riƙe al'adar nan har ta zame masa abin taƙama.

Wata shekara, bayan an tsinke tuffa, wani mutum mai taushin murya ya sauka a gidansa. Ba a jima ba samarin ƙauye suka fara taruwa wurinsa, har da Behar, ɗan Destan tilo, wanda matarsa ke da tsohon ciki.

Mata ba sa shiga ɗakin baƙi, iyakarsu bakin ƙofa. A nan Hajrije, matar Destan, ta ji abin da ta ji tana miƙa tire.

Ta sami Destan wajen amya ta ce, "Baban Behar, baƙon nan naka ba hirar zuma yake yi da yaran nan ba. Zancen wani yaƙi yake a ƙasar da ba tamu ba, da yadda ake tsallaka iyaka a ɓoye."

"Ke tsohuwa, yaushe kunnenki ya warke? Jiya ina ta kiranki ba ki ji ba, yau kin ji ta cikin katako?"

"Kiranka ne ba na ji. Wannan kam na ji shi. An faɗa a rediyo, dokar ta'addanci ba mai bindiga kaɗai take kamawa ba. Wanda ya ba shi masauki yana sane, da wanda ya nuna masa hanya, duk ta haɗa. Ka tambaye shi, ko ka gaya wa 'yan sanda."

"In miƙa baƙona ga hukuma? So kike a riƙa miƙo mini gahawa ta ƙarƙashin gwiwa a cikin taro, kamar wanda mutuncinsa ya zube?"

Ranar da baƙon zai tafi, Destan da bakinsa ya ce Behar ya raka shi. Hajrije ta riƙe hannun rigar ɗanta.

"Sakar masa riga," in ji Destan. "Bakin iyakar ƙauye kawai zai kai shi, ya dawo ya ci abincin rana."

Abincin ya huce. Behar bai dawo ba.

Daga baya aka kama baƙon a wata ƙasa, ya lissafa gidajen da ya sauka. 'Yan sanda suka zo suka tafi da Destan.

A kotu, alkaliya ta tambaye shi sunan baƙon.

"Ban tambaya ba, ranki ya daɗe. A gidana ba a tambaya."

"Akwai wanda ya taɓa gaya maka abin da yake yi?"

Lauyansa ya girgiza masa kai. Destan ya waiga ya dubi Hajrije a kujerar baya. Ƙarya ba halinsa ba ce.

"Matata ta gaya mini. Na ce kunnenta ne."

Alkaliyar ta ce doka ba ta da faɗa da gurasar da aka ba mai jin yunwa. Amma an sanar da shi, ya ci gaba da ba da ɗaki, ya kuma ba da ɗan rakiya. Aka ɗaure shi.

Da ya fito, zuman sun watse, amyoyin sun ruɓe. Jikarsa tana gudu a tsakar gida, ba ta taɓa ganin ubanta ba. Har yau babu labarin Behar, ko na rai ko na mutuwa.

Kwanakin baya na wuce ta ƙofarsa, wani matafiyi ya tsaya neman ruwa. Destan ya ɗebo masa, ya jira ya sha, sannan a hankali ya ce, "Ɗana, sunanka wa? Daga ina, kuma ina za ka?"

Hajrije tana jinsa ta taga.

Darasi: Karamci ba ya hana tambaya. Ka ciyar da baƙo, amma ka san wanda ka ajiye, kuma kada girman kai ya sa ka raina gargaɗin na kusa da kai. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani uba zai yi tambayarsa tun ɗansa yana gida.