Kwana Biyun da Mai Tikiti Ya Cinye

An taɓa yin wani mutum mai sayar da tikitin jirgin sama. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a saman shagon tela: tebur, kwamfuta, fanka mai ƙara, da bencin masu jira. Sahun farko yake sallah. Na san shi. Ba zan faɗi sunansa ba.

Ya 'yan uwa, ni ban taɓa shiga jirgi ba, kuma ba na magana a kan abin da ban tambaya ba. Ina da maƙwabci, tsohon ma'aikacin kamfanin jirgi. Na ce masa, me ya sa mutum zai sayi kujera da kuɗinsa, in ya nemi a sauya masa rana sai a sake karɓar wasu? Ɗaukar kujerar ake yi a ka?

Ya yi dariya ya ce, "Baba, jirgi in ya tashi da kujera ba kowa, ta tafi ke nan. Ba a sayar da ita gobe."

Na ce wannan na gane. To me ya sa wani lokaci kuɗin sauyin ke kusan kamo na tikitin? Ya sosa ƙeya. Har yau ina jiran amsa.

Mai tikitin nan bai tsaya a nan ba. Ya lura mutane iri biyu ke zuwa sauya rana. Ɗan kasuwa yana ciniki, yana neman takarda. Wanda aka bugo wa waya cewa uwarsa na kwance ba ya tambayar komai. Sai ya koyi kallon ido. In ya ga ido ya yi ja, sai ya daɗe yana danna kwamfuta, ya girgiza kai, ya ninka kuɗin sau uku. Ya ce, "Ba ni ba ne, kamfani ne."

Wa ya taɓa ganin kamfani da ido, balle ya tambaye shi?

Wata rana matar wani magini ta hau matakalar nan. Mijinta na aiki a wata ƙasa, tikitin dawowarsa sai bayan wata biyu, ga mahaifinsa a asibiti yana ta kiran sunansa. Akwai kujera a jirgin washegari. Mai tikiti ya faɗi kuɗinsa. Abin da ke hannunta kashi ɗaya ne cikin uku.

Ta ce, "Yallaɓai, ka karɓi wannan, in ciko maka jibi."

Ya ce, "Baiwar Allah, kwamfuta ba ta san jibi ba."

Ta sayar da keken ɗinkinta, ta bi gidajen dangi. Kwana biyu ta yi. Magini ya sauka bayan an rufe mahaifinsa da yini ɗaya.

A zaman makoki maƙwabcin nan nawa ya ji yawan kuɗin, ya ce a ba shi takardar. Ya sa tabarau ya karanta. Abin da kamfani ya karɓa shi ne daidai abin da matar ta fara zuwa da shi.

Sai wani ya ce, "Ni ma haka ya yi min lokacin rasuwar yayata." Wani ya koma gida ya ɗauko tasa takardar. Kafin mako, kamfanonin sun daina hulɗa da mai tikiti. Kafin wata uku, tela ya zuba yadi a ofishin. Wanda ya zo neman auren 'yar mai tikiti ya janye. A masallaci shi mai tikitin ya koma sahun ƙarshe, kusa da takalma.

Daga baya ya je gidan magini da kuɗi a ambulan, ya durƙusa.

Magini ya ce, "Tashi, kai ba yaro ba ne. Kuɗin na yafe. Kwana biyun fa, a wace kasuwa za ka sayo min su?"

Mai tikiti ya tashi ya fita.

Ya 'yan uwa, ga abin da na fahimta. Kuɗin da aka faɗa wa mutum tun kafin ya saya, ya ji ya yarda, sharaɗi ne. Yawansa kuwa, masu kamfani za su yi bayani a gaban Wanda ba a ɓoye wa takarda. Amma kuɗin da aka auna da hawayen mai buƙata zalunci ne, ko a jirgi, ko a tasha, ko a kantin magani. Kai da ke jina, farashinka ɗaya ne ga mai dariya da mai kuka?

Allah ya kiyaye mu da cin ribar masifar ɗan uwanmu. Amin.