Katin Da Aka Auna Da Hannu

Ranar Talata, 14 ga watan Janairu, 2025, bayan sallar azahar, ni Badaru, tsohon malamin lissafi mazaunin Ajingi, na ɗauki kwamfutar 'yata Surayya na kai shagon Maiwada a Gaya. A ranar wannan zalunci ya fara.

Maiwada ɗalibina ne a firamare. Yana da kaifin kai, amma tun yana aji huɗu bakinsa ba ya iya furta "ban sani ba", kuma bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Ya girma ya buɗe shagon gyaran kwamfuta, halin ya girma tare da shi.

Surayya haɗa bidiyo ce sana'arta. Kwamitin wata Islamiyya a Gafasa ya ba ta aikin bidiyon saukar karatun ɗalibansu, ana so kafin azumi. Ba ta taɓa samun aiki mai girmansa ba, kuma da shi take fatan a san ta. Sai dai kwamfutarta ƙarama ce, akwatinta bai fi kwalin taliya ba, kuma da ta ɗora bidiyon sai hoton ya riƙa daskarewa. Ta ce sai an sa mata sabon katin hoto. Ta ba ni tef ɗin awo, ta ce, "Baba, ka ce masa ya auna tsawon wurin, ya kuma duba ko wutar akwatin za ta iya ɗaukar katin, kafin ya yi oda."

Na isar da saƙo yadda aka ba ni. Maiwada ya dubi tef ɗin ya yi dariya.

"Malam, wannan ai na tela ne. Mu nan ido ne da hannu."

Ya buɗe akwatin, ya ware babban yatsansa da na tsakiya a ciki. "Ɗani ɗaya da yatsu uku," in ji shi. Nan take ya kira wani Maikuɗi, mai sayar da kayan kwamfuta a Kano, ya ce ya auna masa babban katin nan mai fanka uku. Na ji muryar Maikuɗi ta waya yana cewa ɗani ɗaya da yatsu biyu.

"Ka ji ko, Malam? Har da rarar yatsa guda."

Na ce, "Maiwada, hannunka da nasa ɗaya ne?"

"Haba Malam, hannu ai hannu ne."

"Zancen wutar fa?"

"Bar min wannan. Ƙanwata Surayya karatun intanet ne ya yi mata yawa."

Da aka ce kati, na zaci wani abu ne kamar katin banki. Ranar da ya iso sai na ga ƙarfe mai nauyin bulo da fankoki jere a jikinsa. Maikuɗi da kansa ya kawo shi, don yana da hanya ta Gaya. Ƙato ne, tafin hannunsa kamar faifai. Na dubi hannunsa, na dubi ɗan siririn hannun Maiwada, na gane ɗaninsu ba ɗaya ba ne.

Maiwada ya tura katin ta nan, ya ƙi. Ya karkata shi, ya ƙi. Ya ciro wasu wayoyi ya sake turawa, har yanzu gindinsa na waje. Na ce a mayar wa mai kaya tun bai tafi ba, a kawo gajere. Maikuɗi ma ya ce yana da ƙarami mai fanka ɗaya, wanda aka yi don irin wannan akwati. Maiwada ya haɗe rai.

"Katin daidai yake. Akwatin ne aka ƙera ba daidai ba."

Ya shiga yi min bayani da Turanci rabi da Hausa rabi. Na yi shekaru ina koyar da awo, amma ban gane yadda akwatin da ke aiki lafiya jiya ya wayi gari ba daidai ba. Kafin in gama tunani ya rungumi kwamfutar ya tsallaka titi wurin Baffa mai walda.

Baffa ya juya ta ya ce, "Maiwada, ni fa ƙofa da taga na sani."

"Yanka nan kawai, Baffa. Ni ne injiniya."

Aka yanke gaban akwatin ina tsaye ina salati. Katin ya shiga, kansa ya leƙo waje kamar akuya a but ɗin mota. Sai kuma aka ga yana neman wata wayar wuta da akwatin ba shi da ita. Maiwada ya fere wasu wayoyi biyu ya haɗa da salatif, ya kunna. Fankoki suka juya sau ɗaya, warin ƙonanniyar roba ya tashi, komai ya yi tsit.

"Hutawa take yi," in ji shi.

Har yau ba ta gama hutawa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da na ɗauke shi ƙaddara. Amma da Malam Mus'ab, shugaban kwamitin Gafasa, ya ji aiki ya tsaya, sai ya biya shagon ya tambaya. Maiwada ya ce masa Surayya ce ta aiko da awon banza, kuma ita ta ƙona kwamfutar da janareto, don ba ta san aikin ba. Gidana ko janareto babu, sola muke amfani da ita. Kwamiti ya karɓe aikinsa. Wasu masu biki a Kademi suka ji labari, su ma suka fasa. Surayya ta zauna a ɗaki tana cewa, "Baba, ni ko ganin katin nan ban yi ba."

Na koma wurin Maiwada. Ya ce bai faɗa ba. Na ce Malam Mus'ab na nan da ransa. Ya ce ya faɗa, amma ba haka yake nufi ba. Na ce me yake nufi? Ya ce zafin Ajingi ne ya kashe ta. Kwamfutar da ta mutu a kan teburinsa a Gaya! Na fito ban san ko ni ne na tsufa ko duniya ce ta juye ba.

Baffa dai bai iya riƙe magana ba. Ya ba da labarin a teburin mai shayi, har da kwaikwayon ware yatsun da ya ji labarinsa a bakina. Yanzu a Gaya ko rediyo ba mai kai wa Maiwada, yana wuni yana korar ƙuda a shago. Amma mutanen Gafasa da Kademi ba a Gaya suke shan shayi ba. A can har gobe ana cewa 'yar Malam Badaru ba ta iya aiki ba.

Darasin a fili yake. Duk wanda zai sa sabon kati a ƙaramar kwamfuta, ya auna wurin da ma'aunin da kowa ya yarda da shi, ya tabbatar wutar za ta ɗauka, kafin ya saya. Wanda kuma ya yi kuskure ya amsa shi tun yana ƙarami, kada ya ɗora shi a kan wanda ba ya wurin. Girman kai ya cinye wa Maiwada sana'arsa, wannan tsakaninsa da kansa ne. Sunan 'yata kuwa haƙƙina ne. Ina neman Maiwada ya zo Gafasa ranar Juma'a, ya tsaya a ƙofar Islamiyyar nan bayan an sauko daga masallaci, a gaban Malam Mus'ab da iyayen yara, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ƙona kwamfutar, kuma ya yi wa Surayya ƙarya, ya nemi gafararta. Ba ta waya ba, ba a sirrance ba.