Tuwon Gayyar Maman Obed

Akwai wata dattijuwa a wata sabuwar unguwa da ke bayan garin Kontagora, sunanta Jemimah, amma kowa Maman Obed yake ce mata. Mutuniyar Tungan Magajiya ce. Can ta yi aurenta da nomanta, sai bayan rasuwar mijinta ta dawo cikin gari, ta zauna a ɗan gidan da ya gina. Ɗanta Obed yana aiki a Minna, sai Kirsimeti ake ganinsa.

Ku mabiya wannan shafi kun san irin unguwannin nan. An yanka filaye an sayar, kowa ya ja katangarsa, amma ba wanda ya tuna cewa ruwan sama ma yana son hanyarsa. Layin su Maman Obed gangare ne, gidanta kuma shi ne na ƙarshe, daga shi sai fadama.

Da damina ta kama, mutanen layin suka ɓullo da dabara. Kowa ya sa tifa ta juye masa jar ƙasa a ƙofar gida, ya yi tudu, don ruwa ya kauce masa ya nufi maƙwabci. Maƙwabci ya gani, shi ma ya tayar da nasa ya fi na wancan tsayi. Gwanin wannan fanni shi ne Malam Bashiru mai shagon taya, shugaban kwamitin layin. Shi har siminti ya shafe nasa da shi, mai babur in ya zo wurin sai ya sauka ya tura.

To, ruwa dai ba ya hawa tudu. Duk wanda aka koro daga sama, bayan ɗakin Maman Obed yake zuwa ya kwanta. Gindin bangon ya fara zaizayewa, ya tsage har tana iya zura yatsunta. Magini ya duba ya ce in aka sake yin ruwa mai ƙarfi, kada ta kuskura ta zauna a ciki. Ɗakin nan kuwa shi kaɗai mijinta ya bar mata.

Ta je ta sami Malam Bashiru.

"Malam, a taimaka a haƙa kwata a layin nan. Ɗakina zai faɗi."

"Mama, ai kwata aikin gwamnati ne. Mun kai kuka, sai a yi haƙuri."

"Shi ruwan zai jira gwamnatin?"

"Sai addu'a, Mama," in ji shi, ya tayar da babur ɗinsa.

Ta dawo gida ranta a ɓace. Tana cikin tankaɗe sai tunani ya faɗo mata. A ƙauyensu in aiki ya fi ƙarfin mutum, gayya yake kira. Ya bi gida-gida ya faɗi rana, ya tuƙa tuwo ya dama kunu, jama'a su fito da fartanyunsu su gama masa aikin a wuni ɗaya. Ba a biyan kowa, kuma ba mai ƙin zuwa, don kowa ya san gobe tasa ce.

Ta ɗaura zani ta bi layin tun daga sama har ƙasa, tana kiran gayyar haƙa kwata ranar Asabar. Duk inda ta shiga, amsa ɗaya ce: "To Mama, Allah ya kai mu Asabar." Baiwar Allah ta dawo tana murna. Ba ta san mutumin birni yana iya amsa maka da fara'a don kawai ka tafi ba.

Ranar Asabar tun da asuba ta hura wuta. Akuyarta guda ta kai wa liman ya yanka, don kowa ya ci hankali kwance. Ta tuƙa tuwon dawa a tukunyar biki, ta yi miyar kuka da ta ji daddawa, ta dama kunun zaƙi cike da bokitai. Ta aro diga da shebur ta jingina a bango, ta zauna tana jira.

Hantsi ya yi, ba kowa. Rana ta take, ba kowa. Maza suka riƙa wucewa a babur suna cewa, "Sannu da aiki, Mama!" Ta ɗauki diga da kanta ta yi sara kaɗan, bayanta ya ƙage. Ta dubi gabas ta ga hadari yana haɗuwa. Nan ta zauna a kan turmi, kunya da tsoro suka haɗu mata, ta yi kuka sosai.

A haka Hajjo ta same ta. Hajjo Bafulatana ce mai tallan nono, daga rugar da ke ƙetaren fadama take zuwa, kuma a ƙofar Maman Obed take sauke ƙwaryarta ta huta kullum.

"Subhanallahi! Ƙawata, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Hajjo. Gayya na kira, ba wanda ya zo."

Hajjo ta buɗe tukunya ta leƙa, ta riƙe baki. "Duk wannan? Wallahi in ni ce, ko ƙanzo ba za su gani ba. Bari in kira mutanen rugarmu su kwashe."

Maman Obed ta share fuska da bakin zani. Ta jima tana kallon tuwon.

"Za ki tafi da naku. Amma wannan da sunan mutanen layin nan na tuƙa shi, kuma tuwo bai yi mini laifi ba. Akwai yara a gidajen nan. Tashi ki taya ni."

Haka suka ɗora kwanuka a kai, suka bi layin gida-gida. Duk inda suka shiga, Maman Obed ta aje kwano ta ce, "Ga na yara," ta juya. Ba ta yi wa kowa gori ba, ba ta ambaci kwata ba. Da suka gama ta dawo ta fara fitar da kayanta daga ɗakin, don ta riga ta sallama shi.

Ana idar da sallar azahar ta ji sallama. Ta leƙo, sai ga Malam Bashiru da diga a kafaɗa, ya naɗe ƙafar wando, yana ta sosa ƙeya. Matarsa Jawahir tana biye da shi, dariya ta hana ta tafiya sosai.

"Mama, bari ki ji," in ji Jawahir. "Malmala biyu ya tashi da ita, yana siɗe hannu yana tambaya wa ya haihu a layin. Na ce ba suna ake yi ba, tuwon gayya ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu..."

"Jawahir, ya isa haka!" Ya juyo ya ɗan rusuna. "Mama, ku yafe mana. Daga ina za a fara?"

Kafin ta ba shi amsa, ga wasu sun ɓullo. Ashe abin da ya faru a gidan Bashiru shi ya faru a kowane gida. Wani da shebur, wani da baro, wani da guntun fartanya da rabonta da ƙasa tun zamanin kakansa. Aka ja igiya a gefen layi aka kama haƙa. Mata suka fito suna kwasar ƙasa da kwanon sarki. Hajjo ta kife ƙwarya tana kaɗa musu, tana yi wa masu tumbi tsiya.

Aiki ya yi aiki, har aka iso tudun simintin Malam Bashiru. Igiya ta bi ta tsakiyarsa. Kowa ya tsaya ya dogara shebur.

Maman Obed ta ce, "A zagaye shi mana. Malam ya sha wahala a kansa."

Bashiru ya dubi tudun, ya dubi hadarin da ya riga ya rufe rabin sama, ya dubi tsohuwar.

"Mama, in aka zagaye nawa, kowa zai ce a zagaye nasa."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga diga ya zabga wa simintin. Jawahir ta rangaɗa guɗa. Daga nan ba a sake roƙon kowa ba, kowa ya koma ƙofarsa ya baje nasa. Jar ƙasar da aka kwaso aka tura a baro aka tokare gindin bangon Maman Obed da ita, aka daddaɓe.

Ana buɗe bakin kwatar zuwa fadama, iska ta taso, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Jama'a suka ruga suka cunkushe a rumfar Maman Obed, jikinsu duk taɓo, kowa ya zuba wa layin ido.

Ruwan ya gangaro daga sama ja wur, da ƙarfinsa. Ya iso kwanar gidanta inda ya saba kwanciya, ya faɗa kwata, ya wuce fadama abinsa.

Maman Obed ta fita cikin ruwan, ta zagaya bayan ɗakin, ta dafa bangon da hannu biyu. Yana nan daram. Ta dawo jiƙe sharkaf tana dariya, hawaye na zuba.

"Hajjo," ta ce, "taya ni mu mayar da gadon nan ciki. Yau a ɗakina zan kwana."

Darasi: Ruwan da ka kora daga ƙofarka bai ɓace ba, gidan wani ya tafi. Unguwa ba ta gyaruwa sai kowa ya yarda ya baje nasa tudun. Kuma in mutane suka ba ka kunya, kada ka rama, alheri yana tayar da wanda roƙo ya kasa tayarwa. Ku tura wa mutanen layinku wannan labari, musamman mai tudun da ya fi na kowa tsayi.