Sawun Saje Barau

Saje Barau mai horar da 'yan kadet ya so 'yarsa ta riƙe tuta ranar gasar fareti, ba Uwani da ɗalibai suka zaɓa ba.

Ya ce, "Uwani, share filin nan. In na shiga na ga sawu ko ɗaya, kin rasa tuta."

"To, Yallaɓai. Mai sawun fa?"

"Tsallen kwaɗo har ƙofar makaranta!"

Ta yi bisimilla, ta share da baya da baya, ta fito ta sara masa.

"Yallaɓai, shiga ka duba."

Saje ya ɗaga ƙafa, ya dubi rairayin, ya dubi tumbinsa, ya mayar da ƙafar.

"Daga nan ma ina gani. Ku ba ta tutar."