Daɓen Siminti a Tsakar Gidan Yaya Ishatu

Malam Gwadabe mutumin kirki ne, kowa a Tudun Wada ya shaida haka. Aibinsa ɗaya ne: idan ya ga abu daidai ne a idonsa, ba ya tambayar kowa. Ya yi shekara talatin yana duba tsaftar unguwanni kafin ya yi ritaya, kuma babu abin da ya tsana kamar ciyawa a cikin gida.

Yayarsa Ishatu ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yanzu ta tsufa, idanunta sun mutu shekara tara da suka wuce. Tana zaune a tsohon gidan iyayensu, kuma tsakar gidan cike take da tsirrai waɗanda yawancinsu da kansu suka fito. Akwai tafasa da lalo da zaƙi-banza na miya da kwaɗo. Akwai ɗoɗɗoya a bakin ƙofar ɗakinta, tana turara busasshen ganyenta don korar sauro. Akwai rai-ɗore, da nonon kurciya a gindin randa. A jikin katangar baya kuma jema ce ta yi layi, saiwarta ta riƙe ƙasa.

Matan unguwa sukan zo wajenta. Wata ta nemi ganyen da za ta dafa ta yi wanka, wata ta nemi na miya. Ishatu takan tsinko da hannunta, ta shinshina, ta miƙa. Idan kuwa ta ji ciwon ya fi ƙarfin ganye, sai ta ce, "Wannan na asibiti ne, ki tashi yanzu."

Gwadabe bai ga komai a wajen ba sai maɓoyar maciji. Da Ishatu ta tafi Hanwa ta yi wata guda wajen 'yarta Rauda da ta haihu, sai ya ga dama ta samu. Ya kira magina, aka nome komai, aka ƙone, aka daɓe tsakar gidan da siminti daga zaure har katanga. Duk wanda ya shigo ya yaba. Shi kuwa ya ƙagu ta dawo ta ji alherin da ya yi mata.

Ranar da ta dawo, shi ya riƙo hannunta daga zaure. Ta yi taku uku, sai ta tsaya. Ta goga ƙafarta a ƙasa, ta ɗaga kai tana shinshina iska.

"Gwadabe, gidan wa ka kawo ni?"

"Gidanki ne, Yaya. Na gyara miki shi. Yanzu babu abin da zai sa ki tuntuɓe."

Can ta ce a hankali, "Allah ya saka da alheri. Nuna mini ɗakina."

Shekara tara ba ta taɓa neman a nuna mata ɗakinta ba. Gwadabe bai san cewa ƙamshin ɗoɗɗoya ne ke gaya mata ta iso ƙofa ba. Bai san cewa idan tafasa ta shafi ƙafarta ta dama, ta san taku biyar ya rage zuwa randa ba. Yanzu ko'ina ya zama ɗaya. Ta daina fitowa sai an riƙe ta. Mata suka rage zuwa, don babu abin da za ta ba su. Abinci ma sai an matsa mata.

Da damina ta yi ƙarfi, ruwa ya rasa ƙasar da zai shiga. Ya riƙa kwanciya a kan daɓen har ya yi gansakuka, sauran kuma ya bi gindin katangar da jema ke karewa a da, yana cin ta. Wata rana da hantsi Ishatu ta fito alwala ita kaɗai, santsi ya ɗebe ta, ta faɗi, hannunta ya karye.

A asibiti Gwadabe ya zauna a gefen gadonta.

"Yaya, me ya sa ba ki gaya mini ba tun ranar?"

"Na ji farin ciki a muryarka," in ji ta. "Tun kana ƙarami ba na iya ɓata maka shi."

Ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan rigarsa. Ta lalubo kansa da hannunta mai lafiya ta dafa.

Washegari ya ɗauki guduma da kansa. Kwana huɗu yana fasa daɓen, bai bar komai ba sai siririyar hanya. Amma da ya kwashe ɓaraguzan, ƙasar ta fito fayau, ko tsiro ɗaya babu. Ya tsaya yana dubanta, bai san ta inda zai fara ba, don ko sunan rabinsu bai sani ba.

Yana nan tsaye sai ga Immaculata, maƙwabciyarsu mai shagon ɗinki, ɗauke da gwangwani.

"Baba, wannan ɗoɗɗoyar, Mama Ishatu ce ta ba ni reshenta tun zuwana unguwar nan. Ta yi yawa a wajena."

Labari ya zaga. Kafin mako ya ƙare wata ta kawo irin lalo a ƙullin leda, wata ta tono rai-ɗore daga bayan ɗakinta, wani tsoho ya kawo saiwar jema a kan keke daga Dutsen Abba. Ashe da yawa daga cikinsu daga hannun Ishatu suka fita.

Da aka sallamo ta, Gwadabe ya ajiye mata kujera a tsakar gida, ya jera gwangwanayen a gabanta. Ya ɗauki na farko ya kai mata hanci.

"Yaya, wannan mene ne, kuma a ina zan dasa shi?"

Ta shinshina, ta yi murmushi, ta nuna da hannu. Hannun da ya karye bai koma daidai ba har ƙarshen rayuwarta, amma kafin kaka ta yi, ta koma zuwa randa da ƙafarta ba tare da an riƙe ta ba.

Darasin shi ne: kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Kafin ka gyara wa mutum rayuwarsa, ka tambaye shi abin da yake dogaro da shi. Kuma kada ka raina tsiro don ya fito ba a shuka shi ba. Allah bai halicce shi a banza ba: wani abinci ne, wani magani, wani kuma shi ke riƙe ƙasar da kake takawa.