Mai Walda da Karatun Lahadi

Akwai wani mai walda da ke da shago a bakin titi, kusa da wurin da motoci ke juyawa. Aikinsa ƙofofin ƙarfe ne da tagogi, kuma duk wanda ya ba shi aiki ba ya dawowa da ƙorafi. A titi Mai Walda ake kiransa, a majami'a kuwa Dattijo, don yana cikin dattawan ikilisiya, kuma shi ne ke karanta Maganar Allah kafin wa'azi.

Allah ya ba shi murya. In ya tsaya karatu, har masu gyangyaɗi sai sun gyara zama. Sai dai yana da hali guda: ba ya haƙuri da mai rauni. In ka zo masa da damuwa, kafin ka rufe baki ya jefo maka aya uku, ya ƙara da cewa laifin bangaskiyarka ne.

Yana da ƙane guda, direban tasi, wanda kowa ke kira Auta. Auta da matarsa sun daɗe suna neman haihuwa. Da Allah ya ba su 'ya mace, ba ta yi wata biyu ba zazzaɓi ya ɗauke ta. Daga nan Auta ya daina zuwa sujada.

Wata Lahadi Auta ya kawo matarsa majami'a, yana shirin juya mota sai Mai Walda ya tare shi a bakin ƙofa, mutane na ta shigowa.

"Kai ba za ka shiga ba?"

Auta ya ce, "Yaya, ka bar ni tukuna. Na yi addu'a a kan yarinyar nan har muryata ta dishe. Ina Allah yake a lokacin?"

Mai Walda ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Rufe mini baki! Bangaskiyarka ashe fenti ne a kan tsatsa, ruwan farko ya wanke ta. Kai ka fara rasa ɗa a duniya? Kana ba ni kunya."

Auta ya tada mota ya tafi.

Bayan kusan shekara Auta ya dawo sujada da kansa, yana zama a bencin baya. Tsakaninsa da yayansa kuwa sai gaisuwa. Mai Walda bai taɓa tambayarsa abin da ya dawo da shi ba, a ransa yana ganin faɗan da ya yi masa ne ya yi aiki.

Ana nan sai idon Mai Walda ya fara ba shi matsala. Da fari ya ɗauka tartsatsin walda ne kamar yadda ya saba, ya ɗiga magani ya ci gaba. Sai gani ya koma dishi-dishi. Ya auna taga, ta fito ba daidai ba. Ya haɗa wa wani ƙofa, aka kai aka ga ta karkace, aka dawo masa da ita a bayan mota.

Matarsa ta ce, "Maigida, mu je asibiti mana."

Ya ce, "Ni da nake yi wa marasa lafiya addu'a? Ki bar ni da Ubangijina."

Ya shiga azumi a ɓoye. Ya yi addu'a a tsaye, ya yi a durƙushe. Idon kuwa sai ƙara rufewa yake. Abin da ya fi damunsa shi ne kada a sani a majami'a. Sai ya sami dabara: in Fasto ya faɗa masa wurin da za a karanta, sai ya yi ta saurarensa a waya har ya haddace. Ran Lahadi ya buɗe littafi, ya sunkuyar da kai kamar mai karatu, ya zubo abin da ke kansa. Makonni ya yi yana haka, ba wanda ya gane.

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Wata Lahadi aka yi baƙon mai wa'azi, majami'a ta cika har waje. Mai Walda ya hau ya tsaya, sai baƙon ya ce, "Dattijo, ka yi haƙuri, na canza wurin karatun." Ya faɗi wata sura dabam, ya miƙo masa nasa littafin a buɗe.

Mai Walda ya karɓa. Ya duba, ba ya ganin komai sai baƙaƙen layuka kamar jerin tururuwa. Ya matso da littafin kusa da hancinsa, ya nisanta shi. Gumi ya karyo masa. Sai ya buɗe baki ya fara zubo wanda ya haddace.

Mutane suka fara kallon juna, ana ta jin ƙarar buɗe shafuka. Baƙon ya matso, ya ce a hankali, amma makirufo ya ɗauka: "Dattijo, ba nan ba ne. Littafin ma a juye ka riƙe shi."

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Mai Walda ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya juya zai sauka, bai ga matakala ba, ya tafi gaba ɗaya ya zube a gaban jama'a.

Hannun da ya fara ɗaga shi na Auta ne, tun daga bencin baya ya rugo. Ya kama yayansa, ya fita da shi ta ƙofar gefe, ya sa shi a mota. Ya kai shi gida.

Washegari Auta da matar Mai Walda suka kai shi asibiti. Likitan ido ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma za a yi ƙoƙarin tsare ɗan abin da ya rage. Ya ƙara da cewa, "Da kun zo da wuri, da labarin ya bambanta." Walda kuwa ya ce a manta da ita.

Mai Walda ya shige ɗaki ya rufe kansa. Fasto ya zo, ya ce a ce yana barci. Dattawa suka zo, ya ce a ce ba ya nan, alhali takalmansa na bakin ƙofa. Da matarsa ta tara yara za a yi addu'ar safe, ya ce, "Ku je falo ku yi. Kada a yi mini a ɗakin nan."

Auta kaɗai ya ƙi korawa. Kowace safiya kafin ya fita neman fasinja sai ya biyo, ya ɗiga masa magani, ya zauna ɗan lokaci yana ba shi labarin hanya. Rannan ya ce, "Yaya, ka bar gemun nan haka, maƙwabta za su zaci bunsuru muka ɗaure a ɗaki." Ya ɗauko reza ya fara yi masa aski.

Ana cikin askin Mai Walda ya ture hannunsa. Abin da ya daɗe yana dannewa ya ɓalle.

"Me na yi wa Allah? Tun ina saurayi nake bauta masa. Ban ci haƙƙin kowa ba. Na yi azumi har na rame, na roƙe shi, ko ido ɗaya ya bar mini lafiyayye. Sai ya tsaya ya bari aka yi mini dariya a cikin gidansa! Ina yake, Auta? Ina Allah yake?"

Yana rufe baki ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya kuma tuna gaban wanda ya faɗa. Ya sunkuyar da kai, kumfar sabulu na zuba a rigarsa. Ya jira Auta ya rama. Ai ranar ramuwa ce ta zo har gida.

Auta ya ɗauki tawul ya goge masa rigar.

Mai Walda ya ce, "Ka faɗa mana. Faɗi abin da na faɗa maka."

"Ba zan faɗa ba, Yaya. Na san nauyin wannan tambayar."

"To kai me ya dawo da kai? Amsa ka samu?"

Auta ya girgiza kai, sai ya tuna yayan ba ya gani sosai, ya ce, "Ban samu ba. Har gobe ban san dalilin da ya sa yarinyata ta tafi ba. Na yi fushi na tafi, sai na rasa inda zan kai kukan. Abokai suka gaji da ji, matata na fama da nata. A mota ni kaɗai nake yi wa Allah faɗa, har wata rana na lura ashe da shi nake ta magana. Na ce tunda na kasa daina yi masa magana, gara in koma in zauna kusa."

Mai Walda ya rufe fuskarsa da tafin hannu. Wannan mutum da bai yi kuka ba ranar da aka binne mahaifinsu, ya yi ta sheshsheƙa kamar ƙaramin yaro.

"Auta, na cuce ka. Kana cikin wuta na ƙara maka itace. Ka yafe mini."

"Na yafe tuntuni, Yaya. Zauna daidai in ƙarasa, rabin fuskarka ne kawai ya zama mutum."

Da aka gama askin, Mai Walda ya ce, "Ina so in yi addu'a, amma ban san me zan ce ba."

Auta ya kama hannunsa ya ce, "Ubangiji, ga mu nan mu biyu. Ba mu gane ba, amma kada ka sake mu. Cikin sunan Yesu." Mai Walda ya daɗe kafin ya ce amin, a hankali ƙwarai.

Lahadin da ta biyo baya ya sa aka kai shi sujada. Kunya ta kama shi a bakin ƙofa, yana jin kamar kowa shi yake kallo. Ya roƙi Fasto minti kaɗan, ya tsaya a ƙasa, bai hau sama ba. Ya gaya wa jama'a ya yi makonni yana ruɗinsu da haddar karatu, kuma ya sha tsawata wa masu kuka alhali bai san zafin ba. Ya ce har yanzu zuciyarsa na rawa, su riƙa yi masa addu'a. Wata tsohuwa da ya taɓa yi wa faɗa a kan mutuwar mijinta ce ta fara tasowa, ta riƙe hannunsa da hannayenta biyu.

Idon hagu bai dawo ba. Na dama ya tsaya inda yake, yana iya gane fuska in an matso. Shagon ya bar wa wani tsohon abokin aikinsa, shi yana zama yana karɓar masu kawo aiki.

Kwanaki Auta ya kai shi asibiti duba ido. A bencin jira akwai wani magidanci da likita ya gaya wa irin labarin da ya gaya wa Mai Walda, yana ta surutai, yana cewa Allah ya manta da shi. Mutane na ta matsawa nesa da shi. Mai Walda ya lalubi benci, ya zauna dab da mutumin, ya dafa gwiwarsa ya ce, "Ɗan'uwa, ni ma ido ɗaya ya rage mini, amma kunnuwana biyu lafiya lau. Faɗi, ina jin ka."

Darasi: Kada ka auna bangaskiyar wani da kukan da yake yi, don ba ka san ranar da taka za ta girgiza ba. In kuma kai ne ke cikin shakka yau, kada kunya ta sa ka ɓuya wa Allah ko 'yan'uwanka. Kai masa fushin da tambayoyin yadda suke, ba zai kore ka ba. Ka tura wannan labarin ga wanda ka san yana fama shi kaɗai, wataƙila yau yake buƙatar jin sa.