Raɗar da Ke Cikin Molo

Akwai wani mutum mai gida da gona, yana da ƙane ɗaya tak, wanda ya tafi fatauci tun yana saurayi har ya kai ƙasar Sin. Bayan shekara goma sha biyu ƙanen ya komo. Bai zo da wata dukiya ba, sai wani irin molo na mutanen can, a naɗe cikin zane. Dogon katako ne baƙi mai tsirkiya bakwai ta siliki. Ba a rungumarsa kamar namu. Kwantar da shi ake yi a cinya, hannun dama yana kaɗawa, yatsun hagu suna zamewa a kan tsirkiya, suna kai da komo.

Wan ya marabce shi, ya ba shi ɗaki. Amma mahaifinsu ya rasu tun ƙanen yana can, ba a kuwa raba gona ba, wannan magana tana nan kwance a zuciyar wan.

Kowace yamma in an taso daga gona, ƙanen yakan zauna a gindin tsamiya ya kaɗa, maƙwabta su taru. Wan ma yakan zauna, amma ba kiɗan yake saurara ba. Tun ranar farko kunnensa ya kama wani siririn sauti a ƙarƙashin kiɗan, suuu, kamar maciji yana jan ciki a busasshen ganye. Yakan zo ya ɗauke, ya sake zuwa.

Sai ya ce a ransa, “Na ji molo, na ji garaya, ban taɓa jin wanda yake raɗa ba. Akwai abin da aka sa a cikin katakon nan.”

Ya shiga lura. Ya ga dattawan da suka saba gaishe shi da fari, yanzu ƙanen suke fara miƙa wa hannu. Ya ga kamar duk lokacin da sautin ya fito, ƙanen yakan ɗago kai ya dube shi. Kullum sai ya sami sabuwar shaida, gama mai neman abin zargi ba ya komawa hannu wofi.

Ya ce wa matarsa, “Asiri ne. Da shi yake janye zukatan mutane. Ran da za a raba gona, wa zai tsaya mini?”

Ta ce, “Maigida, ai ba a bayan dutse yake ba. Ga ɗakinsa can, taku goma. Ka tambaye shi mana.”

Ya ce, “Kin taɓa jin kura ta ce ita ta ci akuya?”

Ran kasuwa ƙanen ya fita da safe. Wan ya shiga ɗakinsa, ya kwance zanen, ya ɗauki gizago ya tsaga molon gida biyu. Ya duba, ya girgiza, ya zura hannu. Babu laya, babu ƙulli, babu ko gashin tsuntsu. Rami ne kawai a cikin itace.

Da azahar ƙanen ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga tarkacen molon a ƙasa.

“Yaya, wa ya yi wannan?”

“Ni ne, Auta. Abin da ka ɓoye a ciki nake nema, mai yin raɗar nan.”

“Ka same shi?”

“Ka riga ka cire shi.”

Ƙanen ya sunkuya ya ɗauki tsirkiya ɗaya daga cikin tarkacen. Ya taka bakinta da ƙafa, ya ja ɗaya bakin har ta miƙe. Sa'an nan ya kama yatsan wansa, ya ɗora a kai, ya ja shi. Sautin ya fito, suuu, a ƙarƙashin yatsan wan kansa.

Ƙanen ya ce, “Fata ce take goga siliki, Yaya, shi ke nan. Tsohon da ya koya mini yakan ce, a nan ake sanin hannun mai rai ne yake kaɗawa. Wata uku muna sa hannu a akushi ɗaya. Da ka tambaye ni, da na nuna maka tun tuwo bai huce ba.”

Wan ya janye yatsansa daga kan tsirkiyar. Kashegari ƙanen ya tattara guntayen a zanen, ya tafi garin dangin uwarsu. A bakin zaure ya juyo ya ce, “Gonar taka ce duka. Ban taɓa ƙirga kunyoyinta ba.”

Ma'anar wannan misali ita ce: molon nan zumuncin da Ubangiji ya ba mu ne, a gida da cikin ikilisiya. Sautin yatsa kuwa shi ne 'yan ƙananan abubuwan da ba a rasawa inda mutane suke zama kusa da juna. Kin gai da 'yar'uwa a ƙofar majami'a, ta amsa a gajarce. An yi taron zumunta, an manta a gaya maka. Mata biyu suna magana, da kika iso suka yi shiru. Sau da yawa ba komai a ciki, gogar zama tare ce kawai, kuma inda ba a jin ta sam, watakila ba wanda yake taɓa wani.

Gizagon shi ne zargi. Ku lura, ko da mutumin ya ga cikin molon wofi ne, bai ce ya yi kuskure ba, cewa ya yi an cire. Haka zargi yake, ba ya ƙoshi da shaida. Allah kaɗai yake ganin cikin zuciya ba tare da ya fasa ta ba. Mu bai ba mu wannan iko ba, amma ya ba mu baki da ƙafa.

Saboda haka, 'yan'uwa, in akwai wanda kuka daɗe kuna kasa masa kunne kuna tara shaida a kansa, ku je wurinsa a makon nan, ku kaɗai, ku tambaye shi da tawali'u. Ku je tun yana amsa sallamarku.